Wutar Dogo: Daga Jirgin Kan Tebur Zuwa Tashar Sabon Gari



Na sani a cikinku akwai waɗanda da suka ga sanarwar wannan lacca suka ce a ransu, ashe har abin ya kai a tara manyan mutane a jami'a domin a yi musu zancen kayan wasan yara. Ban ga laifinsu ba. Abin da ke bisa teburin nan lalle kayan wasa ne: ɗan kan jirgi wanda bai wuce tsawon tafin hannu ba, da 'yan taragai, da dogo wanda tazarar da ke tsakanin ƙarafansa milimita 16 da rabi ce kacal. Irinsu ne Turawa ma'aikata suka riƙa zuwa da su ƙasar nan saboda 'ya'yansu, haka nan waɗansu daga cikin mutanenmu da suka je karatu Ingila suka komo da su tsaraba. Amma kuwa mu mutanen Samaru ba baƙin dogo ba ne. Hanyar jirgin da ta tashi daga Zariya ta nufi Funtuwa da Gusau da Ƙaurar Namoda ta gefenmu ta ratsa, har ma unguwa guda ta sami sunanta daga gare ta, watau Hayin Dogo. Ga kuma sabuwar hanyar Kaduna zuwa Kano wadda aka ƙaddamar da aikinta a 2021, ita ma ta Zariya aka shata ta. Tun daga lokacin ake ta jin tambaya ɗaya a bakin samari masu ilmi: me ya sa ba a yi mana jirgi mai aiki da lantarki ba, kamar na ƙasashen da suka ci gaba? Tambaya ce mai kyau, kuma ina ganin rabin amsarta tana kan wannan tebur.

Dokar farko ita ce wutar lantarki ba ta barin gida sai ta tabbata akwai hanyar komowa. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe asalin maganata duka. A jirgin wasa mai ƙarfe biyu, wuta takan fito daga akwatin sarrafawa ta bi ƙarfen dama, ta hau ta ƙafafun dama na kan jirgi, ta shiga ɗan injin da ke cikinsa ta juya shi, sa'an nan ta sauko ta ƙafafun hagu ta bi ƙarfen hagu ta koma inda ta fito. Ƙarfin turinta bai wuce bolt 12 ba, daidai da batirin mota, kuma irin wutar batir ce, mai gudu fuska ɗaya. In ka ƙara mata ƙarfi jirgi ya ƙara gudu, in ka musanya wayoyin nan biyu ya koma da baya. Dogon da kansa shi ne waya. Saboda haka tilas ne kada ƙarfen dama ya taɓa na hagu ta kowace hanya sai ta cikin inji. Shi ya sa abin da aka gicciya a ƙarƙashinsu, wanda ma'aikatan reluwe suke kira silifa, na roba ne, kuma shi ya sa aka raba ƙafar dama da ta hagu da ɗan zoben roba a jikin gatarin da ya haɗa su.

Masu ƙera waɗannan kaya a farkon al'amari ba su da robar da za ta yi wannan aiki cikin araha. Abin da suke da shi gwangwani ne, watau fallen ƙarfe da aka shafe da kuza, kuma ba abin mamaki ba ne in wata kuzar daga Jos ta fito, ta bi ta tashar nan tamu kafin ta isa Ingila. To, in dogo da silifarsa duk gwangwani ne, ƙarfen dama da na hagu sun riga sun zama abu guda. Dabarar da suka yi ita ce suka ƙara ƙarfe na uku a tsakiya, suka ware shi da ɗan kwali mai tauri. Wuta ta fita ta na tsakiya, wani ɗan cokali a ƙarƙashin kan jirgi yana gogarsa yana ɗiba, sa'an nan ta komo ta na gefe guda biyu. Kamfanin Lionel na Amurka, wanda Joshua Lionel Cowen ya kafa a 1900, ya kama wannan tsari tun 1906. A Ingila kuwa Frank Hornby na birnin Libaful, mai kamfanin Meccano, ya fara da jiragen da ake ɗaure wa zare kamar agogo a 1920, ya fito da na lantarki a 1925. Wannan na farko abin tsoro ne, domin kai tsaye daga wutar bango yake sha, ba abin da ke tsakaninsa da ita sai ƙwan fitila da marage-ƙarfi, har yaro yana iya ɗora hannu a dogo wuta ta fizge shi. Ba a daɗe ba aka janye shi aka koma ga ƙaramar wuta. A 1938 kamfanin ya fito da Hornby Dublo, mai ƙarfe uku da bolt 12, bai kuwa koma ga ƙarfe biyu ba sai 1959, bayan abokin gasarsa Tri-ang ya riga ya cinye kasuwa da dogon roba mai araha. A 1964 masu Tri-ang suka saye Meccano ɗungurungum. Jamusawan Märklin su kuma suka ƙi sakin tsarin tsakiya, sai dai a shekarun 1950 suka mayar da ƙarfen na uku 'yan ƙusoshi ƙanana da suke leƙowa daga cikin silifa, don kada su ɓata wa ido kyan dogon. Nasu, kamar na Lionel, da wuta mai kai-da-komo yake aiki. Wanda ya gaji ɗaya daga cikin waɗannan, aikinsa na farko shi ne ya san wane iri ne a hannunsa, gama in ka ɗora kan jirgi mai ƙarfe uku a bisa dogo mai ƙarfe biyu, ƙafafunsa za su gama dama da hagu nan take, wuta ta yanke hanya ta koma gida ba ta yi aikin kome ba sai zafi. Wannan ne masu gyaran wuta suke ce wa shot.

Kada a ɗauka ƙarfe uku ci baya ne kawai. Yana da wata fa'ida wadda mai ƙarfe biyu ba shi da ita. A ce kana so jirgi ya tafi ya kewayo kamar zarge ya komo kan layin da ya bi, fuskarsa ta juyo. Bi ƙarfen dama da yatsa har ka gama kewayen, za ka iske ya zo ya haɗu da na hagu. A dogo mai ƙarfe biyu wannan shot ne tun kafin a ɗora jirgi. Haka nan in ka shimfiɗa layi mai kusurwa uku irin wanda reluwe take juya kan jirgi da shi. Maganinsa sai a yanke ƙarafan biyu a mashigar zargen da mafitarsa, a cike giɓin da roba, a ba wannan yanki wayoyinsa dabam ta makunni mai musanya su yayin da jirgi yake ciki. Mai ƙarfe uku bai san wannan wahala ba, domin tsakiya kullum tsakiya ce, duk inda aka juya.

Yanzu sai batun inda wutar take fitowa, kuma a nan ina roƙon a saurara da kyau, don a nan ne kaɗai wasan yake iya zama ajali. Wutar bango a ƙasar nan wajen bolt 230 ce. Taransifomar da ke cikin akwatin sarrafawa ita ke sauko da ita zuwa 12 ko 16 ko 20. Akwatin da aka yi shekara sittin ko saba'in da suka wuce, robar wayarsa ta bushe tana farfashewa, jikinsa na ƙarfe ne, sau da yawa kuma ba shi da wayar ƙasa. In tsirarar waya ta taɓa jikin akwatin daga ciki, wanda ya dafa shi shi ne zai zama hanyar komowa. Na Amurka kuwa an yi shi ne domin bolt 120 ko ƙasa da haka; in aka cusa shi a bangonmu ba tare da wata taransifoma a tsakani ba, hayaƙi zai biyo baya. Shawarata ita ce a ajiye tsohon akwati don tarihi, a sayi sabo, ko kuwa a kai shi wurin gwani ya sake masa waya ya auna shi tukuna.

Da yake wuta ba ta zama a garin nan, na san tunanin da zai zo wa da yawa shi ne batirin mota, tun da shi ma bolt 12 ne. Yana yi wa jirgi mai wutar batir aiki sarai, amma yana da mugun hali guda. Akwatin sarrafawa in aka yi shot yakan katse da kansa; batirin mota ba ya katsewa, yana iya zubo amfiya ɗaruruwa cikin ƙiftawar ido, siririyar waya ta yi ja, silifar roba ta narke, tebur ya kama. Maganin wannan ba shi da tsada. A sa ƙwan fitilar birki na mota, mai wat 21, a kan wayar fita, yadda duk wutar da za ta je dogo sai ta ratsa ta cikinsa. Muddin jirgi yana tafiya lafiya ƙwan ba zai ko yi haske sosai ba. Ran da aka yi shot sai ya kama fau, ya tsare wutar kada ta wuce amfiya biyu, ya kuma sanar da kai akwai matsala. Na fi son wannan dabara da kowace na'ura mai tsada, saboda ɗalibi yana ganin dokar da idonsa.

Sai mu zo ga mahaɗa, wadda ita ce zuciyar al'amarin. Dogon wasa guntu-guntu yake zuwa, ana cusa wannan cikin wancan da ɗan maƙalin ƙarfe. Kowa ya taɓa kafa irin wannan jirgi ya san cutarsa: yana kusa da akwati yana gudu kamar barewa, ya yi nisa sai ya soma jan jiki kamar mai ciwon baya, wani lokaci ya tsaya cik. Mai ƙaramin sani sai ya ce injin ne ya tsufa, ko kuwa ya murɗa akwati ya ƙara wuta. Alhali kuwa laifin na mahaɗa ne. Bari mu yi lissafi bisa dokar da Georg Ohm ya bayyana a 1827, wadda kowane ɗan ajin farko a Tsangayar Injiniya ya haddace. A ce, don misali, an jera guntaye goma a miƙe. Wuta za ta ƙetare mahaɗa goma a tafiya, goma a komowa, ashirin ke nan. A ce kowace ta saki ko ta yi tsatsa har tana tare wuta da rubu'in om. Jimla om biyar. In kan jirgi yana jan rabin amfiya, bolt biyu da rabi sun salwanta a hanya, cikin 12. Ba mahaɗa ɗaya da za ka nuna ka ce ita ce mai laifi, kowace ɗan kaɗan ta ci, amma fiye da kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin ya tafi. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Gyaran iri biyu ne. Na farko a bi mahaɗa ɗaya ɗaya, a kankare tsatsa, a matse maƙalin da filaya. Na biyu, wanda ya fi ƙarko, a daina dogara ga mahaɗa gaba ɗaya: a ja wayoyi biyu masu kauri na jan ƙarfe a ƙarƙashin tebur su bi dogon duk inda ya bi, sa'an nan kowane taku biyu ko uku a ɗago da 'yan rassa a liƙa su da dalma a gefen ƙarfe na waje. A yi amfani da launi biyu, ja na ƙarfe ɗaya, baƙi na ɗayan, kada a sāɓa ko sau ɗaya. Yanayinmu kuma yana da nasa sharaɗi wanda littattafan Turawa ba su ambata ba. Da hunturu ƙurar da iska take kawowa takan kwanta a kan dogo, ta gauraya da man inji ta zama baƙin danƙo a ƙafafu. Da damina laima takan sa tsohon dogon ƙarfe tsatsa cikin 'yan kwanaki. Da bazara kuwa in aka bar shi kusa da taga rana takan tanƙware silifar roba. A share da ƙyalle da ɗan sifirit, a rufe da zane in an gama. Kada a kuskura a goge tsohon dogon gwangwani da samfefa, domin za ta cinye kuzar da ke kāre shi, tsatsa ta sami ƙofa.

To, mu bar tebur mu nufi Sabon Gari. Tazarar ba ta kai yadda kuke zato ba, domin jirgin lantarki na farko da ya ɗauki mutane shi kansa kusan abin wasa ne. Werner von Siemens ya nuna shi a wani bajekoli a Balin a 1879, a kan da'irar dogo ta wajen mita 300, yana shan bolt 150 daga ƙarfe na uku a tsakiya, wuta tana komowa ta na gefe. Tsarin Hornby Dublo ke nan sak, sai dai shi mutane yake ja.

Dogo ya iso Zariya ne ta hanyar Baro zuwa Kano, wadda aka soma a 1907 zamanin Gwamna Percy Girouard, shi kansa injiniyan reluwe, ta kuma kai Kano a 1911. Faɗinta ƙafa uku da inci shida. Daga nan Zariya ta zama mararraba. An ja wata siririyar hanya mai faɗin ƙafa biyu da inci shida ta bi ta Soba da Rahama da Jengre ta hau dutse, ta kai Jos da Bukur a 1914, domin kwaso kuza. An rufe ta a 1957, kuma ana iya ganin kawunan jiragenta a gidan tarihi na Jos. Ta Ƙaurar Namoda, mai ɗauko auduga da gyaɗa, ta kammala a 1929. Sabon Gari kansa dogo ne ya haife shi. Duk waɗannan hanyoyi ba wadda aka taɓa sa wa wutar jan jirgi. Da gawayin Inugu aka yi ta tafiya, har zuwa tsakiyar shekarun 1950 da aka soma kawo kawunan dizal.

Amma kuskure ne a ce reluwen Zariya ba ta san lantarki ba. Da farko dai, yawancin manyan kawunan dizal ɗin nan a haƙiƙa jiragen lantarki ne: injin dizal ba ya juya ƙafafu, janareta yake juyawa, ita kuma ta ba injinan lantarki da ke jikin gatura wuta. Watau jirgi ne da ya goyo tashar wutarsa a baya, kamar yadda kowane mai shago a Samaru ya ajiye janaretarsa a bakin ƙofa, kuma dalilinsu ɗaya ne. Na biyu, rayukan fasinjoji tun farko a kan waya suke rataye. Layinmu ɗaya ne, mai zuwa da mai komowa duk shi suke bi. A da, abin da ke hana su karo shi ne wayar tangaraho da ke bin gefen dogo, da wata na'ura a ofishin kowane shugaban tasha mai riƙe da sandunan ƙarfe. Na'urar wannan tasha da ta tasha ta gaba a haɗe suke da waya, kuma ba za ta saki sanda ba sai shugaban waccan tasha ya yarda, in kuwa sanda ɗaya ta fita, duka biyun sun kulle har sai an mayar da ita a ɗayansu. Direba ba ya shiga tsakanin tasha da tasha sai da sandan nan a hannunsa. Asalin dabarar ta Edward Tyer ce, wanda ya fito da ita a 1878, bayan wani mummunan karo da aka yi a layi ɗaya kusa da Norwich a Ingila a 1874. Ran da aka yanke wayar nan, ko aka sace ta, sai a koma ga takarda da amana, amana kuwa ba ta tsayar da tan ɗari biyar.

Akwai wata dabara da ta fi wannan kyau, wadda nake so kowane ɗalibi ya fita da ita daga zauren nan, domin ita ce ainihin sa wa dogo wuta. William Robinson na Amurka ya yi rajistarta a 1872. Ana yanka dogo yanki-yanki, a raba kowane yanki da maƙwabcinsa da abin da wuta ba ta ratsawa. A wannan ƙarshe a haɗa ɗan batir tsakanin ƙarfen dama da na hagu. A wancan ƙarshe a haɗa makunni mai maganaɗisu. Muddin ba jirgi, wuta tana bin ƙarfe ɗaya ta isa makunnin ta riƙe shi sama, ta komo ta ɗayan, sigina ta nuna hanya a buɗe. Da jirgi ya shigo, ƙafafunsa da gaturansa na ƙarfe sai su gama dama da hagu, wuta ta yanke hanya, makunni ya rasa abin da ke riƙe shi ya faɗi, sigina ta koma ja. Ku lura, shot ɗin da yake masifa a kan tebur shi ne aka mayar bawa a nan. Ku kuma lura da hikimar da ta fi: in batir ya mutu, ko waya ta tsinke, ko dogo ya karye, ko ɓarawo ya kwance ƙarfe guda ya tafi da shi, duk sakamakon ɗaya ne, makunni ya faɗi, sigina ta yi ja. An gina abin ne yadda in ya lalace zai lalace ta wajen tsayar da jirgi. Ina ganin babu wata ƙa'ida a aikin injiniya, ko ma a aikin ofis, da ta fi wannan daraja.

Sai dai dabarar Robinson tana da sharuɗɗa biyu, kuma dukansu mun riga mun gamu da su a kan tebur. Na ɗaya, kowace mahaɗa sai an tsallake ta da guntuwar waya, don ƙarfen da aka ɗaure dogo da shi da ƙusoshi yana tsatsa kamar ɗan maƙalin nan. Na biyu, kada silifa ta gama dama da hagu. Tsofaffin hanyoyinmu kuwa yawancin silifarsu ta ƙarfe ce, saboda gara ba ta barin katako a ƙasar nan. Wanda ya tsallaka zuwa Hayin Dogo ya dubi ƙasa zai gani. Watau dogon da muka gāda, ta fuskar lantarki, ɗan'uwan dogon gwangwani ne na Lionel da Hornby: ƙarafansa biyu abu guda ne, ba a sa masa irin wannan wuta sai an bi shi an raba kowane ƙarfe da silifarsa. Sababbin hanyoyi masu faɗin milimita 1,435, irin ta Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, silifarsu ta kankare ce da 'yan fallayen roba a ƙarƙashin ƙarfe, don haka wannan cikas ya kau.

Yanzu ga tambayar da muka fara da ita. Jirgin ƙasa mai shan wuta daga waje akwai shi a Nijeriya: Layin Shuɗi na Ikko, daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, wanda ya soma ɗaukar fasinja a watan Satumba na 2023. Ƙarfe na uku yake amfani da shi, a gefen dogo, mai bolt 750. Wannan ya dace da gajeriyar hanya ta cikin birni wadda aka killace. Ba zai yi a tsakanin Kaduna da Kano ba, saboda dalilai biyu. Na farko, ba mai hankalin da zai shimfiɗa tsiraren ƙarfe mai bolt 750 a ƙasa tsawon kilomita wajen 200, a ƙasar da makiyayi da shanunsa da yara 'yan makaranta suke tsallaka dogo safe da yamma. Na biyu lissafi ne. Kan jirgi mai buƙatar kilowat 3,000, in a bolt 750 yake sha, amfiya 4,000 zai ja. In kuwa a bolt 25,000 ne, daga wayar sama, amfiya 120 kawai. Asarar da ake yi a hanya tana tafiya ne da ninkin amfiya a kanta, saboda haka a waya iri ɗaya ta farko ta fi ta biyu asara fiye da sau dubu. Shi ya sa mai ƙarfe na uku yake buƙatar tashar ciyarwa kowane 'yan kilomita, daidai da rassan nan da muka liƙa da dalma, mai wayar sama kuwa sai bayan kilomita 40 ko 50. Faransa ce ta tabbatar da wannan tsari na bolt 25,000 a shekarun 1950, shi ne kuma Habasha ta bi a hanyarta ta Adis Ababa zuwa Jibuti, mai tsawon kilomita wajen 750, wadda aka ƙaddamar a 2016. Ko a nan ma wutar ta dogo take komowa, don haka mahaɗa ba ta daina zama abin tsaro ba.

Ra'ayina, kuma na san ba zai yi wa wasu daɗi ba, shi ne ba laifi ba ne da aka bar sababbin hanyoyinmu a kan dizal tukuna. Jirgin lantarki ya fi ƙarfi, ya fi tsabta, ya fi araha wajen tafiyarwa in zirga-zirga ta yi yawa. Ba na musun ko ɗaya. Amma ba ya goyon tashar wutarsa. Ran da babban layin wuta na ƙasa ya faɗi, kamar yadda ya sha faɗuwa, kowane jirgi zai tsaya a inda yake, ko a tasha ko a dokar daji tsakanin Zariya da Kaduna. Habasha, duk da manyan madatsun ruwanta, ta ɗanɗana tsaikon jirage saboda yankewar wuta. Afirka ta Kudu kuwa, wadda ta fi kowa daɗewa da jiragen lantarki masu yawa a kudancin Sahara, a 2020 ɓarayi suka kwashe wayoyin sama na layukan birane da dama, har jirage suka daina bin waɗansu, waɗansu aka koma jan su da dizal. Mu da ake kama mutane da ƙarafan dogo da ƙusoshinsa a cikin tirela za a kai wa masu narkarwa, ya kamata mu tambayi kanmu wa zai tsare mana jan ƙarfe tsawon kilomita ɗaruruwa yana rataye a sarari.

Ga 'yan'uwa ma'aikata, waɗanda wata rana fayil ɗin irin wannan aiki zai biyo ta teburinsu, ina roƙon abu ɗaya. In an kawo takardar kwangila, kowa idonsa kan tafi ga kan jirgi da taragai da ginin tasha, don su ake ɗauka hoto ranar buɗewa. Ku juya zuwa shafukan baya ku nemi layin da ya yi maganar sigina, da wutar da za ta riƙe ta in ta gari ta ɗauke, da ƙofofin mahaɗar dogo da titi, da kayan gyara na shekara biyar, da albashin mutanen da za su riƙa bin layi da ƙafa suna duba wayoyin mahaɗa. In ba ku ga layin nan ba, ko kuka ga an rage shi don a cike wani giɓi, ku rubuta a fayil cewa kun gani. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya tana nan Zariya tun 1986, Tsangayar Injiniya tana nan Samaru, ma'aikatan reluwe da suka yi ritaya, waɗanda suka riƙe sandan nan da hannunsu, suna nan Sabon Gari da ransu. Ba mu da hujjar jiran wani ya zo daga ƙetare ya gaya mana me ya sa sigina ta mutu.

Ga Ƙungiyar Ɗalibai kuma ina da shawara wadda ba ta fi ƙarfin aljihunta ba. A sami fallen katako ɗaya mai ƙafa takwas da ƙafa huɗu, da dogon wasa mai ƙarfe biyu, da batirin mota, da ƙwan fitilar birki, da na'urar awon wuta, a ajiye a ɗaki guda da ɗalibai za su iya shiga. Aikin farko a kafa da'ira a auna bolt a kusa da kuma a nesa, a rubuta bambancin. Na biyu a ja wayoyin ƙarƙashin tebur a sake aunawa. Na uku a gina zarge a warware shot ɗinsa. Na huɗu, wanda zan so a gayyaci tsofaffin ma'aikatan sigina na Sabon Gari su zo su yi alƙalancinsa, a ware wani miƙaƙƙen layi a yi masa da'irar Robinson da tarago mai gaturan ƙarfe, da fitila ja da kore, sa'an nan alƙali ya zare waya ɗaya duk wadda ya ga dama ba tare da ya faɗa ba. Rukunin da fitilarsa ta zauna kore ya sake aiki daga farko.